Musolini ya cika alkawuran da ya ɗauka kuwa?

Tambaya: Malam, a majalisarmu wani ya dage cewa Musolini na Italiya, duk da kama-karyarsa, mutum ne mai magana ɗaya, abin da ya faɗa shi yake yi. Ni kuma na ji an ce da sunan talakawa ya fara siyasa. Ina gaskiyar take?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, kuma shi ne ke rushe maganar abokin naka. Alkawuran Musolini a rubuce suke, don haka ba sai mun yi musu da baki ba.

Ranar 23 ga Maris 1919 ya kafa ƙungiyarsa ta fasisanci, wato aƙidar tsananin kishin ƙasa da mulkin danniya, a Milan, a watan Yuni kuma jaridarsa ta buga manufofinta. Wanda ya karanta takardar bai san mai ita ba sai ya rantse ta 'yan ƙwadago ce. Za a ba mata damar zaɓe, za a tsayar da aiki kan awa 8 a rana, a sa mafi ƙarancin albashi, a ba ma'aikata baki a tafiyar da masana'antu. Za a rushe majalisar dattawa, a ɗora wa masu jari haraji mai nauyi, a karɓe kashi 85 cikin 100 na ribar da 'yan kwangila suka ci a yaƙin duniya na farko, a kuma ƙwace kadarorin ƙungiyoyin coci.

Da wannan takarda ya shiga zaɓen Nuwamba 1919, ya sha ƙasa: a Milan ko ƙuri'a 5,000 bai samu ba, balle kujera. Daga nan ya sauya masu gida. Manyan masu gonaki na arewacin ƙasar da masu masana'antu, waɗanda yajin aiki ya hana barci, suka shiga zuba wa 'yan bangarsa masu baƙaƙen riguna kuɗi da motoci. Su kuma suna bin gari-gari suna ƙona ofisoshin ƙwadago, suna lakaɗa wa shugabanninsu duka, suna ɗura musu man zurma don a ci mutuncinsu a bainar jama'a. Da sarki Bikto Emanuwel na Uku ya miƙa masa firaminista a ƙarshen Oktoba 1922, masu binsa bashi ba talakawa ba ne.

Sai aka fara biya. Maimakon harajin masu jari, a 1923 an soke harajin gado a tsakanin iyali, binciken ribar yaƙi kuma aka binne shi. A 1926 doka ta haramta yajin aiki, ta bar ƙungiyoyin ƙwadagon fasisanci su kaɗai da izinin magana da sunan ma'aikata. Shekara ta zagayo aka zabge albashi, babu mai cewa uffan. Majalisar dattawan da za a rushe ta zauna daram har faɗuwarsa; ta wakilai, wadda jama'a ke zaɓa, ita aka rushe a 1939. Cocin da za a ƙwace wa dukiya kuwa, ita aka ba lira miliyan 750 tsaba da takardun lamuni na lira biliyan 1 a yarjejeniyar Lateran da ya ƙulla da fadar Paparoma ranar 11 ga Fabrairu 1929. Don adalci, awa 8 ta zama doka a 1923, amma bayan shekara uku aka ba masu masana'antu izinin ƙara ta tara.

Na mata ya fi ba ni haushi, don shi an yi ne ba a yi ba. A 1925 an zartar da doka cewa wasu rukunin mata za su iya jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi. Kafin su ga akwati, a 1926 aka soke zaɓen ƙananan hukumomin ɗungurungum, gwamnati ta koma naɗa kantomomi. Matan Italiya ba su yi zaɓe ba sai 1946, shekara guda bayan an harbe shi.

Za ka ce ina 'yan adawa da za su tuna masa? Ɗan majalisa Jakomo Matewoti ya miƙe a zaure ya fallasa maguɗin zaɓen 1924. Ranar 10 ga Yuni 'yan bangar fasisanci suka sace shi a Rum suka kashe. Kafin ƙarshen 1926 an haramta sauran jam'iyyu, jaridu sun koma bakin gwamnati. A ganina nan gizo ke saƙar: Musolini bai kasa cika alkawari ba, masu tambayar alkawarin ya kawar.

Inda abokinka ya yi gaskiya guri ɗaya ne, kuma a nahiyarmu aka ji a jika. Musolini ya ce zai kafa daula da bakin bindiga, ya kuma yi. Mutumin da aka ɗaure a 1911 saboda ya yi adawa da mamayar Libiya, a mulkinsa aka tsare dubban Libiyawa a sansanoni, aka rataye jagoran gwagwarmayarsu, Umar Mukhtar, a 1931. A Oktoba 1935 ya afka wa Habasha har da iskar guba. Ranar 18 ga Disamba na shekarar aka tara matan aure a dandalin garuruwa, waɗancan matan da aka hana ƙuri'a, kowace ta zare zobenta na zinare ta jefa a tukunya don kuɗin yaƙi, aka miƙa mata na ƙarfe ta koma gida.