Wace irin waƙa ce? Ka fara sanin wannan kafin ka kunna kyamara

Ka tambaye ni wai me zai hana ka ɗauki bidiyon waƙar bege irin ɗaukar hip-hop, da yanka mai sauri da kyamara tana lilo, tunda a ganinka waƙa duk waƙa ce kuma ƙa'idojin nan tsohon yayi ne. To yaro, ka nutsu ka ji. Ku 'yan yanzu da kun iya sauya kala a waya sai ku fara amsa sunan darakta.

Ba ni na ƙirƙiro ƙa'idar nan ba, idon mai kallo ne ya saba da ita. Tun da tashar MTV ta fara aiki a Amurka a 1981 masana suke nazarin bidiyon waƙa, kuma a 1992 wani malamin jami'a, Andrew Goodwin, ya tsara abin a rubuce. Ya ce tsakanin baiti da hoto abu uku ne: ko hoto ya nuna abin da baiti ya faɗa, ko ya ƙara masa ma'ana, ko ya saɓa masa da gangan. Ya kuma ce kowane nau'in waƙa yana da kamanninsa, kuma kamfanoni suna matsa wa darakta ya yawaita fuskar mawaƙi kusa-kusa, don fuskar ake sayarwa. Duk wanda ya yi zaman sitidiyo a Zoo Road ta Kano ya san wannan a aikace, ko bai taɓa jin sunan Baturen ba.

Ɗauki nanaye. Salon ya biyo finafinan Indiya: namiji da mace, lambu, sauya kaya duk baiti, rawar 'yan amshi. Amma a nan ba a taɓa juna, ga al'ada ga hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001. To da me za ka nuna kusanci? Da ido. Ya kalli dama, ka yanka, ta kalli hagu a tsayi ɗaya da girman fuska ɗaya. In ka tsallake layin da ke tsakaninsu ka dasa kyamara ta ɗaya gefen, duka biyun za su fuskanci waje guda, soyayyar ta koma kamar masu jiran mota. Waƙar siyasa taro take so, da hoton sama, da fuskar ɗan takara, da alamar jam'iyya. Ta sarauta kuwa kyamara ƙasa take zama tana ɗaga kai, a bar doki ya gama takunsa kafin a yanka. Bege shi ne wanda na ukun Goodwin, wato hoto ya saɓa wa baiti, bai shiga cikinsa sam. Kyamara kan ƙafarta, tufa mai nutsuwa, 'yan amshi a jere, hannun mai mandiri in akwai. Ka sa lilo da walƙiyar fitila a nan, masu sauraro ba fasaha za su gani ba, rashin ladabi za su gani.

Saurin yanka ma lissafi ne. Waƙa mai bugu 100 a minti, kana ɗauka a firem 25, wato hoto 25 a kowace daƙiƙa, kowane bugu firem 15 ne cif, bugu huɗu firem 60. A hip-hop kana iya yanka duk bugu ɗaya ko biyu. A nanaye huɗu ko takwas. A bege ka jira sha'iri ya sauke ɗango ya ja numfashi. In kana son tafiyar hawainiya kuma baki ya dace da waƙa, ɗauki firem 50, ka kunna waƙar a lokeshan da ninkin saurinta, mawaƙi ya bi ta haka, sannan ka mayar 25 a kwamfuta. Zancen shota da fitila da daidaita fari ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san su ba ya koma ɗaukar biki.

Abin da ya sa ma na tsaya amsa maka shi ne wani mutum da har gobe in an ambaci doki sai ya faɗo mini a rai. Ya kawo wa shagonmu waƙar da aka yi wa ubangidansa, mai kirari da algaita da tambari, ya ce da bakinsa salon sarauta yake so, mai kwarjini. Ya ba da kafin alƙalami, cikon sai an gama. Aka yi hayar dawaki da kayan adonsu, aka ɗauko mabusa, aka ɗinka wa mawaƙi babbar riga da rawani, aka fita da sassafe bakin ganuwa don a samu rana tana kwance kafin ta yi ƙarfi ta ƙona farar riga. Duk ɗaukar doguwa ce, faffaɗa, kyamara a ƙasa, don abin da salon ke buƙata ke nan. Aiki ya fito yadda ko a fada ba za a ji kunyar nuna shi ba.

Sai ga shi ya dawo yana yatsina. Wai ina jama'a? Ina fastoci? Ina fuskar Oga? Ashe ubangidan takara zai fito, shi kuma tun farko ya sani, ya ɓoye ne don ya san kuɗin aikin siyasa daban ne, akwai hayar diron da tara mutane da motoci. So yake a juya masa wannan ta koma waccan a kan tebur, kyauta. Aka yi masa bayani cewa edita ba ya haifar hoton da ba a ɗauka ba. Babu taro a katin kyamara, babu hoton kusa na mutumin, kuma doguwar ɗaukar doki in ka daddatsa ta duk bugu biyu ba ta zama mai zafi, tsalle kawai take yi kamar faifan da ya karce. Ya yi shiru kamar ya gamsu, ya ce a tura masa ya nuna wa Oga tukuna. Wani yaron shago, irinku masu rawar kai, ya tura masa cikakken aikin ta WhatsApp ba tambarin shago a kai, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki aikin ya bayyana a TikTok. An ba wani mai waya ya matse hoton kwance ya koma na tsaye, kawunan dawakin gefe duk sun fita, mai kakaki ya rage hannu kawai, an liƙa fasta a tsakiya tana juyawa. Ciko kuwa har yau. In an kira, wai ai ba abin da ya ce a yi ba ne. Masu dawaki da mai janareto ba ruwansu da wannan, shago suka sani, kuma shago ne ya biya su. Abin da ya fi asarar ciwo shi ne mutane sun gane mawaƙin, sun san inda yake aiki, suka ɗauka mu muka yi wannan kwamacalar.

Saboda haka in za ka karɓi aiki, takarda ta fara. A rubuta nau'in waƙar ƙarara: nanaye, bege, biki, siyasa ko sarauta. A rubuta inda za a sake ta, don in YouTube ce da TikTok tare, tun a lokeshan za ka riƙe mawaƙi a tsakiyar firem ka bar fili a gefe, ko ka ɗauki amshi sau biyu, kwance da tsaye. A rubuta sau nawa za a yi gyara kyauta, biyu sun isa. Kafin alƙalami ya rufe duk hayar waje, kada kobonka ya shiga doki ko mota. Kwafin dubawa kuma ƙarami ake turawa, tambarin shago ya ratsa tsakiyarsa, a datse baitin ƙarshe. In kana son gwada sabon salonka na lilo, nemi ɗan hip-hop da bai da abin biya, ku je ku gwada ranar da ba aiki, kuma ba da kyamarar shago ba.