Ku Tambayi Masta: Batir, Sola Da Wayar Da Ke Ƙona Ɗaki

Jama'a salamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan wutar batir suka tsaya, wato DC, kamar kun haɗa baki. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

Wani saurayi daga Sawaba ya ce: "Masta, na samu batirin mota mai arha a Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi, zan iya haɗa shi da sola?"

Za ka iya, ɗana, kamar yadda za ka iya ɗaura wa dokin sukuwa amalanke. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyu uku ya tada inji, sai mota ta mayar masa da abinsa nan take. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne. In kana tatsarsa kullum tun magariba har asuba, 'yan watanni zai yi ya mutu. Nemi na sola, wanda aka rubuta deep cycle a jikinsa. Mun wuce wannan.

Wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a Aboabo ta turo saƙon murya mai tsawo, zan taƙaita. Mijinta ya rasu, 'ya'ya uku suna makaranta, ta kwashi adashi tana so ta sa wutar da yara za su yi karatu ko an ɗauke, da fanka ɗaya, da cajin wayar hannu. Ta ce tsoro take ji a cuce ta don ba ta san kan abin ba, har ba ta iya barci.

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, abin da kike nema ƙarami ne kuma ba sai da inbata ba, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket ɗin gida, duk wanda ya ce miki dole sai kin sayi inbata to aljihunsa yake dubawa. Akwai ƙwan fitila da fanka masu aiki kai tsaye da bolt 12. Bari mu yi lissafin tare, ba ya fin na cinikin ƙosai wuya. Ƙwai 4 masu wat 5, awa 5, ya kama 100. Fanka mai wat 20, awa 8, 160. Wayoyi uku ki sa 50. Duka 310 ke nan a rana. Batir mai lamba 100Ah a bolt 12 yana riƙe 1200, wato 100 sau 12, amma na dalma rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, saura 600. Kin ga ya ishe ki har da ragi na ranar da gari ya lumshe. Fanel, wato farantin sola, mai wat 150 zai cika shi, ni a Kumasi awa 4 na rana mai ƙarfi nake lissafawa saboda hadarin Yuli da Agusta da kowa ya sani. Kwantrola kuma, wato ɗan akwatin da ke tsakanin fanel da batir, ki sayi mai amfiya 30 ko da 10 ma zai ɗauki wannan fanel, don in Allah ya buɗa badi ki ƙara fanel na biyu ba tare da kin zubar da komai ba. Daɗin wannan wuta ke nan, gunduwa-gunduwa ake gina ta kamar yadda ake ƙara ɗaki a gida. A sa fanel ya kalli kudu, a ɗan jingine shi yadda ruwan sama zai wanke shi, kada inuwar eriya ko ta bishiyar mangwaro ta faɗa masa. Wajen haɗawa batir ake fara sa wa kwantrola, sannan fanel. Kuma kada ki je Adum ke kaɗai, ki tafi da mai aikin wuta da ke da katin Energy Commission, hukumar makamashi ta Ghana, tun dokar 2011 ake ba su, ki ce ya nuna miki, ba rashin kunya ba ne.

Wani Alhaji a Asawase mai raba intanet ga unguwa, da kyamarorin tsaro a shagunansa: an kawo masa tallar akwatin wuta irin na turakun kamfanonin waya, bolt 48, ramuka huɗu, rektifaya uku a ciki. Ya saya?

Alhaji, kaya ne mai kyau in na halal ne. Wannan "in" ɗin babba ce. Ana fasa turakun nan ana kwashe batura da rektifaya, kowa ya sani, kuma ranar da aka biyo sawu ba yaron da ya kawo maka za a samu ba, kai mai shago da adireshi za a samu. A ba ka rasit da takardar inda ya fito ko ta gwanjo, in an fara kame-kame ka ce Allah ya kawo kasuwa.

In ya tsallake wannan, to ga yadda abin yake. Kowace rektifaya tana karɓar wutar ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, mai bolt 230 ta juya ta DC, kuma zura ta ake yi a raminta kamar durowa, ana iya zare ɗaya a sa wata sauran suna aiki, intanet ɗinka ko ƙiftawa ba zai yi ba. Ƙa'idar ita ce ka ƙirga nawa kayanka ke buƙata ka ƙara ɗaya ta ko-ta-kwana. Yawancinsu wat 2000 ne ko 3000, kai kuwa da wuya kayanka su cinye ɗaya, don haka biyu a ciki, ta uku a naɗe a leda a ajiye. Ramin da ba komai a rufe shi da marfinsa saboda iska ta bi hanyarta, kuma kada a cusa ta wani kamfani a akwatin wani ko da ta shiga. Amma inda mutane ke kashe kuɗinsu shi ne saiti. Mai wat 3000 tana iya turo amfiya 50 ko fiye, batura huɗu masu 100Ah da aka jera kuwa kamar amfiya 10 suke so, in ba a shiga kwakwalwar akwatin an ɗaure cajin ba dafa su za ta yi, ka zo ka tarar sun kumbura kamar burodi. Bolt ɗin zaman caji na dalma wajen 53.5 zuwa 54 ne, a kuma saita ya yanke kaya in batir ya sauka kusan 43. Kada a soka ta a soket ɗin bango, namu amfiya 13 ne, ita kuwa a cikakken aiki ta wuce haka, a ja mata layinta da birekarta. Sannan abin da ke rikita har wasu masu aikin wuta: a irin wannan akwati ƙafar fulos ce ke haɗe da ƙasa, shi ya sa ake rubuta -48. Ka haɗa na'urar da jikinta ke manne da mainos, sai tartsatsi. Kulawa kuwa ƙura ce babbar abokiyar gaba. Kowace rektifaya da 'yar fankarta, lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙa hure su da bulowa duk wata, a duba ƙusoshin batir ko sun saki. Ɗakin ya samu iska, don batirin dalma a digiri 25 aka auna rayuwarsa, duk ƙarin digiri 10 kusan rabin kwanansa yake ci, ka tuna yadda ɗakin kwano yake a watan Maris.

Yanzu ga wadda ta hana ni shan shayi cikin daɗi. Wani tela a Kumasi Zongo ya ce wayar da ta tashi daga batir zuwa inbatarsa mai wat 1000 tana zafi har tana warin roba, wanda ya haɗa masa ya ce haka sabuwar waya take yi, za ta saba. Wai gaskiya ne?

Za ta saba! Inna lillahi. Ɗan'uwa, ka ajiye wayar da kake karanta wannan da ita, ka je ka kashe inbatar nan ka cire kan batir, sannan ka dawo mu ci gaba. Waya ba jaki ba ce da za ta saba da kaya. Wat 1000 a bolt 12 ya kusa amfiya 100, wayar soket ta gida mai kauri 2.5 kuwa ashirin da 'yan kai take ɗauka, abin da kake buƙata kebul ne mai kauri 25 ko 35, gajere, da kai na tagulla da aka matse da kyau, ba a murɗa a naɗe da leda ba. Kuma na rantse ko ban gani ba babu fiyus a wurin. Mutane sun ɗauka tunda bolt 12 ba ya jan mutum to wasa ne, alhali batirin nan in ƙafafunsa biyu suka haɗu ɗaruruwan amfiya yake amayarwa, sifana ta yi ja, zoben azurfa ya soya yatsa. Na taɓa shiga wani ɗaki a gidan haya bayan an kashe gobara, batir a ƙarƙashin gado, waya ta bi bayan katifa, ba fiyus, Allah ne ya sa yaran suna makarantar allo. Gidajenmu na zango kun san su, ɗaki manne da ɗaki, rufi ɗaya, lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, wutar ɗakinka ta gida goma ce. Fiyus a kan ƙafar fulos, kusa da batir kamar tsawon taƙi ɗaya, kuɗinsa bai kai na yadin shadda ba. Bireka ma a sa ta DC. Wutar ECG tana komawa sifiri sau 100 a daƙiƙa, tartsatsi ya mutu da kansa, ta batir kuwa miƙe take ba ta numfashi, birekar gida tana iya narkewa wutar na ci gaba da wucewa.

To ko kaurin ya yi daidai, wace irin waya ce? Nan ne raina ke ɓaci. Kasuwa ta cika da wayar alminiyam da aka yi wa wankan tagulla, a ido ja wur, a aiki kashi 60 cikin 100 da 'yan kai na abin da tagulla ke ɗauka, ga saurin karyewa a wurin ƙusa. Ka kankare sili ɗaya da reza, in fari ya leƙo jabu ce. Ka kunna mata laita, ta gaskiya ja take yi ta tsaya, jabu lanƙwashewa take yi ta zube. Wata ma ƙarfe ce, maganaɗisu na kama ta. Haka batir: takardar da aka manna ba ta caji, dalma ke yi, dalma kuwa nauyi ne da ita. Na gaske mai 100Ah wajen kilo 30 ne, mai 200Ah ya fi buhun siminti. In yaron shago ya ɗauko maka "200Ah" da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan, me kuma kake jira a faɗa maka? 'Yan kondem, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suna da sikeli, a auna. Na litiyam ne kawai ke da sauƙin nauyi da gaskiyarsa, shi ma a tabbatar da allon da ke tsaron cajinsa a ciki. Haka kwantrola, an buga MPPT, sunan nau'in kwantrola mafi inganci, da manyan baƙaƙe a jikin abin da bai fi kwalin ashana nauyi ba, ta gaske akwai naɗin waya mai nauyi a cikinta kuma kuɗinta ninkin ba ninki ne. Fanel kuma a ce wat 300 alhali faɗinsa bai wuce sallaya ta yaro ba. Tun dumsor na 2015, lokacin da ake ba mu awa 12 a ɗauke 24, mutane suka ruɗe suna sayen duk abin da aka ce yana kawo haske, 'yan jabu suka ga wurin kwana, har yau ba su tashi ba. Amma laifin ba nasu kaɗai ba ne. Mutum zai yi ɗinki kala uku na biki, ya yi liƙi a gaban makaɗa har a kira sunan kakansa, in aka zo wayar da iyalinsa za su kwana kusa da ita sai ya ce "ba ni mai arhar." Araha ba ta ado, a harkar wuta kuwa har kisa take yi. Shi kuma wanda ya ce maka za ta saba, kada ya sake taɓa maka ko tocila.

Wani bai faɗi unguwa ba: ruwan batirinsa ya yi ƙasa, zai iya zuba fiya wata, ai mai tsabta ne?

Mai tsabta ne ga cikinka. Gishirin da ke cikinsa yana kashe farantai. Ruwan batir da aka tace ake zubawa, shi ma ga batir mai marafai, ya rufe farantan kawai kada ya cika fal, kuma ban da ƙarin asid. Kada a sha sigari a wurin, iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta.

Ta ƙarshe daga wata amarya a Tafo: batirinsu ya shekara biyu ya fara rauni, su sayi sabo su haɗa da tsohon? Kuma maigida yana tambaya ko zai ja dutsen guga.

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Kada ku haɗa, tsohon zai riƙa shan sabon har ya mayar da shi tsararsa. Ku bar shi ya huta awa uku ba caji ba kaya bayan ya cika, a auna, lafiyayye 12.6 ko 12.7 yake nunawa, in ya faɗo kusan 12 da an kunna ƙwai biyu to ya gama, ku sayar wa 'yan kondem ku cika ku sayi sabo. Maganar guga kuwa, dutsen nan wat 1000 ne ko fiye, ki gaya wa ango gawayi bai ƙare a kasuwar Asawase ba.