Amsa: Dalilin da ya sa dattawa ke kiran N'Djamena da Fort-Lamy

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi me ya sa kakanka a Kusiri ta Kamaru har gobe yake cewa zai haye Fort-Lamy, ba N'Djamena ba. Labarin Rabe ne.

Rabe ya taso daga Sudan, ya ci Borno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya mai da Dikwa babban birninsa. Faransawa suka haɗo masa rundunoni uku: ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya ta biyo ta Damagaram, ɗaya daga yamma, ɗaya kuma ta kogin Chari daga kudu. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a nan Kusiri, inda Logone ke haɗuwa da Chari. Abin mamaki, jagororin biyu duk a ranar suka mutu. Aka kashe Rabe, aka sare kansa, shi ma Kwamanda Lamy, jagoran sojojin Faransa, raunin da ya samu ya yi ajalinsa. Shi ne Gentil, Bafaranshen da ya jagoranci rundunar kudu, ya kafa sansani a tsallaken kogi, ya raɗa masa sunan Lamy. Sai a 1973 shugaban Chadi Tombalbaye ya canza sunan zuwa N'Djamena.

Abin da ke ɓata mini rai a labarin Rabe shi ne yadda ake mantawa da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya zauna a Balda, kusa da Marwa, ya haɗa kai da Rabe, har ya auri 'yarsa Hauwa. Da zama ya yi tsami, ya nemi ficewa daga Dikwa, sai Fadlallah ɗan Rabe ya bi shi ya kashe shi.