Sau Nawa P-Square Suka Zo Na Ɗaya a Jadawalin Waƙoƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon gabatar da shirin kiɗa a wani gidan rediyo a nan Kano, an kuma ba ni aikin haɗa shiri a kan tagwayen mawaƙan nan P-Square. Ina son tarihinsu a taƙaice, da adadin waƙoƙinsu da suka zo na ɗaya a Najeriya. Na duba intanet, kowa da lissafin da yake bayarwa. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikinsu. A shekarun da tagwayen nan suke tashe, Najeriya ba ta da jadawalin da ake ƙirga ciniki ko sauraro a fitar da na ɗaya duk mako. Duk wanda ya ba ka adadi, to ko dai ya ƙirgo ne daga shirin wata tashar talabijin, ko kuma ya ƙirƙira. Amma bari mu fara da tarihin, sai ka ga inda giɓin yake.

Peter da Paul Okoye an haife su a Jos ranar 18 ga Nuwamba 1981, iyayensu 'yan asalin jihar Anambra ne. Da rawa suka fara tun suna makarantar sakandare, suna kwaikwayon Michael Jackson, abin da ya sa har suka girma rawa ba ta taɓa fita daga wasansu ba. A 2001 suka ci wata gasar waƙa, ita ta buɗe musu hanyar kundinsu na farko, Last Nite, a 2003. Wanda ya fito da su sarari shi ne Get Squared na 2005, da suka fitar a ƙarƙashin kamfaninsu, yayansu Jude yana riƙe da harkar kasuwancin. Daga nan kusan duk shekara biyu sai kundi: Game Over a 2007, Danger a 2009, The Invasion a 2011, sai Double Trouble a 2014, wanda shi ne na shida kuma na ƙarshe. A ƙarshen 2011 suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Akon. Sun rabu a 2017, Peter ya koma Mr P, Paul ya koma Rudeboy, suka shirya a Nuwamba 2021, sannan suka sake rabuwa a 2024.

Yanzu ka ɗora waɗannan shekarun a kan shekarun jadawalai. TurnTable, jadawalin Najeriya wanda yake haɗa alƙaluman sauraro ta intanet da yawan saka waƙa a gidajen rediyo, a 2020 ya fara. Jadawalin Afrobeats na Birtaniya shi ma 2020 ne. Jadawalin Afrobeats na mujallar Billboard a Amurka sai Maris 2022. Manhajar sauraro ta Spotify kanta ba ta shigo Najeriya ba sai Fabrairu 2021. Ka ga duk kundayen nan shida sun riga ma'aunin zuwa da kusan shekara shida ko fiye. Abin da waɗannan jadawalai za su iya nuna maka shi ne waƙoƙin da suka saki bayan sun shirya, a 2022, da wasu na kowannensu shi kaɗai. Idan ka auna su da wannan kawai ka zalunce su, domin lokacin matasa irin su Asake da Rema ne suke riƙe da kasuwa.

To me ake da shi a wancan zamanin? Shirye-shiryen goma ko ashirin na sama a tashoshi irin su MTV Base da Channel O da Soundcity. Kai da kake Kano ka san Zafafa Goma na Arewa24, to irin tsarinsa ne. Shiri ne na tasha guda, ma'aikatanta ne suke jera waƙoƙin, wani lokaci da ƙuri'ar masu kallo. Yana da amfani wajen nuna abin da ake yayi a makon, amma ba ƙidayar ƙasa ba ce, kuma yana yiwuwa a mako ɗaya tasha uku su fitar da na ɗaya uku daban-daban. Idan za ka ambaci irin wannan a shirinka, ka faɗi sunan tashar da shekarar. Kada ka ce "ta zo na ɗaya a Najeriya".

Batun ciniki ya fi wannan rikitarwa, kuma nan ne masu gabatar da shiri suka fi zamewa. A lokacin, mawaƙi yakan kai kundinsa wurin dillali a kasuwar Alaba ta Legas, dillalin ya biya shi dunƙulallen kuɗi, ya buga faifai ya watsa ƙasa a kan wajen naira 150. Cikin 'yan kwanaki masu satar fasaha sun buga nasu, ya cakuɗe da na asalin a kan teburi ɗaya. Babu wata hukuma da take bin rasit tana tabbatar da adadi. Don haka miliyoyin kwafin da za ka ga ana cewa Game Over ya sayar, magana ce ta dillali ko ta masu tallata mawaƙan. Kundin ya sayu ƙwarai, wannan ba a musu, amma lambar ba ta da mai shaida. Sannan ka ƙara da abin da ka sani a garinmu: masu sauraro da yawa a Kano ta hannun masu tura waƙa a waya suke samu, a Farm Centre da shagunan unguwa, a cika maka katin waya da waƙa ɗaruruwa. Wannan sauraron ba ya shiga kowane lissafi, ko a da ko a yanzu, kuma shi ne dalilin da ya sa mawaƙan Hausa da ake ji a kowane adaidaita sahu ba su cika fitowa a jadawalin ƙasa yadda ya kamata ba.

Abin da za ka iya tsayawa a kai da ƙafa biyu shi ne abin da aka rubuta aka adana. Sun ci kambun gwarzon rukuni a bikin MTV Africa Music Awards shekara uku a jere, 2008 da 2009 da 2010, kuma a 2015 bikin ya ba su kambun gwarazan shekara goma. A 2010 sun ci babban kambun Kora, bikin karrama mawaƙan Afirka, a Wagadugu. Idan kuma jadawali na gaske kake so, akwai guda: a 2012 mawaƙin Faransa Matt Houston ya sake rera wata waƙarsu tare da su da sunan Positif, ta shiga jadawalin ciniki na Faransa, wanda yake da ma'ajiyar da za ka iya dubawa mako-mako. Sai dai ka bambanta wa masu sauraro: kambu hukuncin alƙalai ne ko ƙuri'a, jadawali kuwa ƙidaya ce.

Wajen haɗa shirin, ka yi hattara da abu biyu. Adadin kallo a YouTube taruwa yake yi tsawon shekaru, kuma tsofaffin bidiyonsu da yawa an ɗora su ne bayan an gama yayinsu a talabijin, saboda haka waƙar 2013 za ta fi ta 2005 yawan kallo ko da ta 2005 ɗin ce ta fi girgiza gari. Haka kuma shekarar da manhajojin sauraro suke nunawa a jikin tsohon kundi wani lokaci ranar ɗorawa ce, ba ranar fitowa ba. Ka ɗauki shekarun daga jikin faifan asali ko jaridun lokacin. Idan gidan rediyonku ya adana takardun jerin waƙoƙin da aka saka da na gaishe-gaishen masu sauraro na tsakanin 2005 da 2014, ka nemi izinin dubawa. A nan ne za ka ga wace waƙarsu mutanen Kano suka fi nema, kuma a wane wata.