Daga Madina zuwa Makka da iyali: jirgin ƙasa ko jirgin sama?

Tambaya: Assalamu alaikum. In Allah Ya yarda, a hutun makaranta na watan Disamba za mu tafi Umara, ni da maigidana da yaranmu uku da kuma mahaifiyarsa. Babban yaron shekararsa 11, ƙanensa 6, sai 'yar goyo mai wata 18. Ita Hajiya ta haura saba'in, kuma tana fama da ciwon gwiwa. A Madina za mu fara sauka, mu yi kwanaki, sannan mu wuce Makka. Ejan ɗinmu ya ce mu zaɓa tsakanin jirgin sama zuwa Jidda da jirgin ƙasan nan mai gudu. Maigida ya fi karkata ga jirgin sama, wai awa ɗaya ce tak, kuma shi jirgin ƙasan da ya sani shi ne na Kano zuwa Legas da ake kwana a cikinsa. Ni tunanina yaran ne da Hajiya. Wanne ya fi dacewa da mu? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya nufe ku da tafiyar, Ya karɓa. Ku hau jirgin ƙasa. Sai dai akwai abubuwa biyu da za ku shirya tun kafin ranar, wato maganar kaya da maganar mikati (iyakar da mai Umara ba ya wucewa sai ya yi harama), in ba haka ba sauƙin da nake kwaɗaita muku zai zama wahala.

Maigida bai yi ƙarya ba, jirgi daga Madina zuwa Jidda wajen awa ɗaya yake yi a sama. Abin da ya ɓace a lissafinsa shi ne Makka ba ta da filin jirgin sama. Duk wanda ya hau jirgin sama, a filin Sarki Abdul'aziz na Jidda za a sauke shi, daga nan kuma sai ya nemi mota ya yi tafiyar da ta kusa kilomita 100. To ki ƙirga daga ƙofar masaukinku na Madina. Kusan rabin awa zuwa filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, sannan ana so ku isa kamar awa biyu kafin tashi saboda awon kaya da bincike. Ga awa ɗayar da maigida yake faɗa. In an sauka a jira akwatuna, a tattara yara, a nemo direba, sai awa ɗaya da rabi a hanya idan ba cunkoso. Da wuya ku shiga ɗakinku a Makka ƙasa da awa biyar zuwa shida, kuma wannan in jirgin bai yi jinkiri ba ke nan.

Jirgin ƙasan Haramain kuwa ya fara ɗaukar fasinja a 2018. Tsawon layinsa kimanin kilomita 450 ne, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma tashoshinsa biyar ne: Madina, Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah da ke kusa da Rabig, filin jirgin Jidda, Sulaimaniyya a cikin garin Jidda, sai Makka. Tsakanin Madina da Makka wajen awa biyu da rabi yake yi, wanda ba ya yawan tsayawa a hanya ma bai kai haka ba. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, 'yan kilomitoci kaɗan daga Harami. In kin haɗa da tasi zuwa tasha da isa da wuri da tasin da zai kai ku masauki, awa huɗu zuwa huɗu da rabi ta ishe ku. Ki faɗa wa maigida cewa lokacin da jirgin Abuja zuwa Kaduna yake ɗauka ya cinye kilomita 186, a kusan wannan lokacin wannan yake cinye 450. Ba jirgin da ya sani ba ne.

Amma ni ba ma awa ɗaya ko biyun da za ku rage ce ta fi damuna ba. Mai tafiya da tsohuwa da goyo, abin da ya kamata ya ƙirga shi ne sau nawa za a tashi a zauna. A jirgin sama Hajiya za ta sauka daga mota, ta tsaya layin awo, ta bi layin bincike, ta yi doguwar tafiya zuwa ƙofa, wani lokacin ma a ɗebe ku a bas zuwa gindin jirgi ta hau matakala. A Jidda a maimaita, sannan ta naɗe gwiwa a mota na awa ɗaya da rabi. Ki tuna kuma ƙarshen tafiyar nan ba gado ba ne. Ɗawafi ne zagaye bakwai, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa wanda shi kaɗai ya haura kilomita uku. Duk ƙarfin da hanya ta cinye mata, a can za ta neme shi ta rasa. A jirgin ƙasa sau ɗaya za ta zauna, akwai wurin miƙe ƙafa, in gwiwar ta sage ta tashi ta ɗan taka. Ku nemi keken tura marasa ƙarfi tun daga ƙofar tasha, kada ta ce za ta daure, domin tashoshin manya ne. In aljihu zai ɗauka, ku yankar mata kujerar ajin 'yan kasuwa ita da mutum ɗaya da zai zauna kusa da ita, sauran ku zauna a ajin gama-gari.

Yaran ma haka. 'Yar goyo a jirgin sama tana kan cinyarki, ɗaure da bel lokacin tashi da sauka, kuma sauyin iska yana toshe wa ƙananan yara kunne su yi ta tsala kuka. A jirgin ƙasa babu wannan. Kina iya goya ta ki yi ta kai da komo a tsakanin kujeru har ta yi barci, ga banɗaki, ga taragon da ake sayar da shayi da ɗan abin taɓawa. Ɗan shekara shidan nan ki ba shi kujerar taga, duwatsu da sahara za su ɗauke masa hankali. Abu ɗaya: sanyin cikin jirgin yana da ƙarfi, Madina kuma a Disamba da sanyi take. Yaro mai harami mayafi biyu ne kawai a jikinsa, don haka ki riƙe ɗan bargo a jakar hannu a lulluɓa masa a kafaɗa, ba tare da an rufe kansa ba.

Yanzu maganar kaya, wadda a nan ne mutanenmu suka fi shan mamaki. Jirgin ƙasan nan ba shi da wurin awon da za ki miƙa akwati a kai miki ciki. Abin da kika zo da shi, ke za ki ja shi har cikin tarago ki ɗora a ma'ajiyar kaya. Ƙa'idarsu ita ce kowane fasinja akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba, girmansa kuma kada ya zarce santimita 65 da 55 da 35, sai ƙaramar jakar hannu. Ki ɗauko tef ki auna akwatunanku tun a Katsina. Manyan akwatunan da muke zuwa da su daga gida yawanci sun fi wannan girma, balle jakar gana-mas-go da aka cusa wa garin tuwo da kuka da yaji, aka ƙara da dabinon Madina. Bai kamata ku iso ƙofar shiga da tsohuwa da goyo, saura minti ashirin jirgi ya tashi, sannan a ce muku akwati ya yi girma ba. Mafita mai sauƙi ce. Ku yi magana da ejan ɗinku a tura manyan kayan a mota zuwa masaukinku na Makka, tun daren jajibiri ko da sassafe, ku kuma ku riƙe abin da za ku buƙata na yini ɗaya: fasfo, magungunan Hajiya, kunzugun yarinya da madararta, kayan sauyawa. Ku rubuta suna da lambar waya da sunan otal a jikin kowane akwati. Kada kuma a ɗauka jirgin sama ya raba ku da wannan matsala, domin tikiti mafi araha na kamfanoni masu rangwame irin su flyadeal jakar hannu kawai yake ɗauka, kuɗin akwati daban ake biya.

Sai mikati, kuma ina roƙon ki karanta wa maigida wannan sashen. Mikatin wanda ya taso daga Madina shi ne Zul Hulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali, a bakin garin Madina. Masu tafiya a bas suna tsayawa a masallacin wurin su yi nafila su yi niyya. Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a can, kuma 'yan mintuna kaɗan bayan tashinsa yake giftawa ta daidai wurin. Jirgin sama ma haka ne, har ya fi sauri. Kada wani ya ce muku ku bari sai kun sauka Jidda, domin Jidda ba mikatin mai zuwa daga Madina ba ce, kuma wanda ya wuce mikati da nufin Umara bai yi harama ba, ko dai ya koma ko kuma yanka ya hau kansa.

Hanya biyu ce a gabanku. Ta farko, ku yi wanka a masauki, maza su ɗaura harami tun a ɗaki, ku yi nafilarku a can ko a masallacin tasha, ku shiga jirgi a shirye, ya zama niyya da talbiyya kawai suka rage. Akan yi sanarwa idan an kusa mikati, amma da hayaniyar yara da ta fasinja ana iya rasa ta, don haka da zarar jirgi ya fita daga tasha ku kasance cikin shiri. A mazhabar Malikiyya yin harama kafin mikati makaruhi ne amma ta ƙullu, wucewa babu harama kuwa ita ce mai jawo yanka, saboda haka gara ku ɗan riga da ku makara. Hanya ta biyu, ku ɗauki tasi zuwa Abyar Ali ku yi komai a natse, sannan ya kai ku tasha. Tsofaffi sun fi samun natsuwa da wannan, kuma in Hajiya ta nuna tana so, a yi mata. Sai dai tashar tana gabashin gari, mikatin kuma yana kudu maso yamma, don haka ku ƙara aƙalla awa ɗaya da rabi a kan lissafinku. Yadda za a yi wa ƙananan yaran niyya kuma, ku zauna da malaminku kafin ku bar gida.

Game da kuɗi, farashin duka biyun yana hawa da sauka gwargwadon rana da lokaci, don haka ki sa ejan ya rubuto miki jimilla, ba kuɗin kujera ɗaya ba. A ɓangaren jirgin sama, kujeru biyar ne da ɗan abin da ake biya wa goyo, da kuɗin akwatuna, da babbar motar da za ta kwashe mutum shida daga Jidda zuwa Makka. A ɓangaren jirgin ƙasa, tikitoci ne waɗanda ake rage wa yara kuɗinsu, da tasi biyu, da kuɗin tura kaya. Idan aka jera su haka, yawanci jirgin ƙasa ne yake fin sauƙi.

Ku yanki tikitin da wuri, ta shafin hukumar jirgin ko manhajarta, kuma a lokaci ɗaya domin ku samu kujeru a tarago guda. Hutun Disamba lokacin cika ne, Ramadan kuwa ya fi. Da lambar fasfo ake yanka, a tabbata sunan kowa ya yi daidai da na fasfonsa. Ku zaɓi jirgin hantsi, bayan kowa ya karya ya kintsa, ku isa Makka daidai lokacin da otal yake ba da ɗaki, Hajiya ta kwanta ta huta, ku fita Umara bayan Isha'i ko can cikin dare. Ranar Juma'a ku guji isa dab da salla, saboda ana rufe hanyoyin da ke kewaye da Harami, tasi zai sauke ku nesa da masauki. Ku isa tasha kamar awa ɗaya kafin lokaci, don wannan jirgin ba ya jiran kowa.

Idan kuka tarar tikitin ranarku ya ƙare, ko a nan ma ba jirgin sama zan fara nuna muku ba. Ku yi shatar babbar mota ta iyali. Awa biyar ce ko sama da haka a kan titin Hijira, amma za ta ɗauke ku daga ƙofar otal zuwa ƙofar otal da duk kayanku, ta tsaya muku a Abyar Ali, ta kuma tsaya duk inda yara suka matsu. Jirgin sama tsakanin Jidda da Madina ya fi dacewa da wanda ya sauka Jidda daga Najeriya, tikitinsa kuma ya haɗa har Madina, musamman in cikin dare ya sauka.

Ranar komowa gida lissafin zai juya. Jirgin ƙasa yana zuwa filin jirgin Jidda daga Makka a ƙasa da awa ɗaya, amma tasharsa a jikin sabon ginin da ake kira Tamina 1 take, alhali wasu jiragen daga tashar alhazai ko ta arewa suke tashi, kuma tsakaninsu sai da mota. Ku duba tikitinku ku ga inda naku zai tashi. Ga shi kuma a lokacin tsaraba ta ninka kayanku. A wannan ranar ku ɗauki mota tun daga ƙofar masauki har inda za a auna muku kaya.