Amsa ga 'yar uwar da ta tambayi alluran dashen ciki

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce za a fara miki IVF, wato a cire ƙwanki a haɗa shi da maniyyin maigida a asibiti sannan a dasa miki a mahaifa, likita ya miƙo takardar magunguna, kin ga allurai birjik gabanki ya faɗi. Allah ya sa a dace. Sau biyu na yi, ga abin da na gani.

Rana ta biyu da zuwan al'adata aka fara min Gonal-F da Menopur. Aikinsu su sa ƙwayaye da yawa su girma tare, maimakon guda ɗayan da jiki ke saki kowane wata. A fatar ciki ake yi, gefen cibiya. Ranar farko hannuna rawa yake yi, sai da maigida ya karɓa. Kafin kwana uku ni ke yi wa kaina. Menopur kam tana da raɗaɗi in tana shiga. Wajen kwana na shida aka ƙara Cetrotide, mai hana ƙwan fita kafin lokacinsa. Kwana 11 na yi ana duba girmansu da hoton ciki.

Wadda nake roƙonki kar ki yi wasa da ita ita ce ta ƙarshe, Ovitrelle. Ita ke nunar da ƙwan, kuma awa 36 bayanta ake cire shi. An ce min ƙarfe 9 na daren Litinin, cirewa 9 na safiyar Laraba. In kin makara, kira asibiti nan take ki faɗi ainihin lokacin, kar ki ɓoye.

Sai ajiya. Zafin garinmu kin san shi, ga rashin wuta. Na tanadi kula da ƙanƙara, ina naɗe maganin a tawul don kar ya daskare, tunda daskarewa ma lalata shi take yi.

Bayan dashe aka ba ni Cyclogest 400mg, ana matsawa safe da dare don mahaifa ta riƙe. Ko kin ga ɗigon jini kar ki daina sai likita ya ce. Kayan mata, tsimi da matsi duk ki ajiye su tukuna, ko wa ya kawo miki.

A zagayen farko na kasa haƙuri, kwana huɗu da dashe na yi gwaji a gida. Layi biyu! Har na kira Hajiyarmu muna kuka. Ashe ragowar Ovitrelle ce a jikina, don sinadarinta shi ne wanda tsinken gwajin ke nema. Wallahi ba na so wata ta ji abin da na ji. Jira gwajin jinin da za su sa miki bayan kusan mako biyu.

Kumburin ciki kaɗan da saurin fushi kusan kowa na yi. Amma in ciki ya ɗaure tamau, numfashi na yi miki wuya, ko fitsari ya ragu, ki tafi asibiti ko tsakar dare ne, musamman in kina da PCOS, wato lalurar nan mai rikita al'ada da sakin ƙwai.