Ga ɗan'uwan da ake yi wa gori a kan Hamsik

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka a kan amsar da za ka ba abokanka masu cewa Marek Hamsik ba ya cikin manyan 'yan wasa tunda ya yi kusan shekara 12 a Napoli bai ɗaga kofin Serie A ba, kuma wallahi sai na ji kamar ni na rubuta ta, domin wannan gorin na sha shi har na ƙoshi. Tun 2007 nake bin Napoli, shekarar da ta dawo Serie A ta kuma ɗauko shi daga Brescia yana matashi, saboda haka ciwon da kake ji ba baƙo ba ne a wurina.

Ranar da ba zan manta ba ita ce Lahadi 29 ga Afrilu, 2018. Mako guda kafin nan ɗan bayanmu Koulibaly ya ci Juventus da ka a Turin a minti na 90, tazarar da ta ba mu a saman tebur ta koma maki ɗaya, na kwana ina lissafin wasannin da suka rage. Daren Asabar kuma Juventus ta ci Inter 3 da 2, kuma Higuain, wanda ya bar mu a 2016, shi ya zura ta ƙarshen. Duk da haka na tafi gidan kallon unguwarmu da wuri, na biya kuɗina, bayan mai gidan ya yi mini alkawari da bakinsa cewa zai bar mana ƙaramar talabijin ta gefe domin wasanmu da Fiorentina. Da lokaci ya yi sai ya sa wasan Manchester United da Arsenal a dukkan talabijin ɗin, ya ce ba zai ƙona man janareto saboda mutum uku ba. Kuɗin bai mayar ba, haƙuri bai bayar ba. Muka fita waje muka zauna a kan benci, mu uku muna leƙen waya ɗaya mai fasasshen gilashi, hoton yana tsayawa yana tafiya. A haka muka ga an ba Koulibaly jan kati kafin a cika minti 10, a haka Giovanni Simeone na Fiorentina ya zura mana uku. Da aka tashi sai mai gidan ya fito yana dariya, ya ce ai taimakona ya yi da bai nuna mini a babban allo ba. Har yau idan na wuce ƙofar nan sai na tuna wannan dariyar. Napoli ta gama kakar da maki 91, abin da a yawancin shekaru ya isa a ci kofi da shi, amma ta ƙare ta biyu.

Shawarata ta farko, kada ka yarda a tsayar da muhawarar a kan kofi ɗaya. Ka tambaye su ɗan wasan tsakiya nawa suka sani da ya ci wa ƙungiya ɗaya ƙwallo 121 a wasa 520. A Disamba 2017 ya wuce ƙwallo 115 da Maradona ya ci wa Napoli, tarihin da ya tsaya tun 1991, ko da yake Mertens ya zo ya wuce shi daga baya. Kuma ba hannu rabbana ya tafi ba: ya ci Coppa Italia a 2012 da 2014, da Supercoppa a Doha a 2014, kuma a wasan ƙarshe na 2012 shi ya ci ta biyu a ragar Juventus, har ya cika alkawarin aske tukkunsa. Lavezzi ya tafi, Cavani ya tafi, Higuain ya koma wurin abokan hamayya, shi kuwa ya zauna da lambarsa 17.

Idan gardamar ta yi zafi, ka kai su wajen ƙasarsa, domin a nan bakinsu ke mutuwa. Slovakiya ba ta kai mutum miliyan 6 ba, kuma tun da ta rabu da Czech a 1993 sau ɗaya ta je gasar cin kofin duniya, a Afirka ta Kudu a 2010. Hamsik ne kyaftin yana da shekara 22, suka doke Italiya mai riƙe da kofin 3 da 2 a Johannesburg, suka kore ta tun daga rukuni. A Euro 2016 ya ci Rasha wata ƙwallo da ya lanƙwasa ta daki ƙarfe ta shiga. Ka nemo ta ka ajiye a wayarka, ta fi dogon bayani amfani. Ya daina buga wa ƙasarsa da wasa 138 da ƙwallo 26, a lokacin babu wanda ya kai shi a duka biyun. Sai dai zan gaya maka gaskiya, kada ka ce ya kai Maradona ko ka haɗa shi da Iniesta, domin da zarar ka yi ƙari sun sami abin kamawa, ni ma na taɓa yin wannan kuskuren aka yi mini ca.

Masu cewa bai taɓa cin gasar lig ba ma ba su bi ƙarshen tafiyarsa ba. Bayan Dalian a China da ɗan zamansa a Goteborg ta Suwidin, ya je Trabzonspor suka ci lig ɗin Turkiyya a 2022, karo na farko tun 1984, tare da namu Anthony Nwakaeme.

Wani abin kuma, ka daina kai kanka inda ba a nuna wasan ƙungiyarka, ka nemi 'yan'uwanka ko biyu ne ku haɗa kuɗin data. Ni sai a 2023 na sake shiga gidan kallon nan, daren da Osimhen ya farke wa Napoli a Udine aka tabbatar da kofin bayan shekara 33, Lobotka ɗan ƙasar Hamsik yana riƙe da tsakiya. Mai gidan ya sa wasan a babban allo saboda Osimhen, ɗakin ya cika maƙil da mutanen da ba su taɓa ganin Hamsik da rigar Napoli ba, har ya ƙara kuɗin shiga. Ya miƙo mini hannu wai yana taya ni murna, na karɓa, amma ban ce masa komai ba.